Filin Golf Na Kano: Aikin Da Shekaru Ke Kammalawa

Shekara 5 bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903 aka kafa kulob ɗin golf na birnin, a 1908. Filinsa na yankin Nassarawa GRA, kuma yana cikin mafiya tsufa a Nijeriya. Wannan tsufa shi ne babbar dukiyarsa, domin filin golf ba ya kammala ranar da aka buɗe shi.

Sabon fili ƙasarsa ba ta zauna ba. Sai damina ta zo ta wuce sau da yawa kafin masu kula da shi su gane inda ruwa ke kwanciya da inda zaizaya ke ci, su fitar da magudanai. Ciyawa irin kiri-kiri kan ɗauki lokaci tana shimfiɗa saiwa kafin ta iya jure rani da hunturu. Ƙarancin ruwa ne ma ya sa filayen Arewa da dama suka saba da zuba yashi mai gauraye da mai a kewayen rami maimakon ciyawa.

Bishiyoyi su ne suka fi sauya wasan. Dashen darbejiya ko maɗaci da ɗan wasa ke tsallakewa yau, bayan shekara 30 shi zai tare masa hanya, dole ya sake dabarar bugu. Amma inuwa in ta yi yawa takan kashe ciyawa, don haka sai da sassabe. A filin golf na Augusta da ke Amurka, wata bishiya da a da take hanyar rami na 17 ta yi suna har aka riƙa kiran ta da sunan tsohon shugaban ƙasar, Eisenhower. Da guguwar ƙanƙara ta lalata ta har aka cire ta a 2014, yanayin bugun wurin ya canza. Hatta tsohon filin St Andrews na Sikotilan a da ramuka 22 gare shi, sai a 1764 aka mayar da su 18, adadin da duniya ke bi yau.

Kano na cika, gine-gine na cinye sarari. Kuɗi na iya tayar da bene cikin shekara, amma ba ya sayen inuwar shekara 100. Haƙƙi ne a kan hukuma da 'yan kulob su kare filin nan daga masu yanka filaye, su wadata shi da ruwa, su kuma dasa magadan tsofaffin bishiyoyinsa tun kafin su faɗi.