Shirin Musamman: Hawan Tudun Dukku a Bazara



A Turai, da sanyi ya kau sai jama'a su saɓi jaka su wuni suna bin kan duwatsu. Mu nan wannan lokaci a bazara yake faɗowa, rana na dukan tsakar ka. Dutsen da ya fi tsawo a Najeriya kuwa, Chappal Waddi mai mita 2,419, yana can Taraba. To amma Birnin Kebbi na da nata abin hawa, wato Dukku.

Mai son hawa Dukku a watan Afrilu, ana sallame asuba zai kama hanya. Tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai, jar marmara ta rufe samansa, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin takalmi. In ka kai sama, ka juya. Ka juya ka dubi fadamar Rima. Ko'ina ya bushe ƙamas, ita kuwa koriya shar da shinkafar rani.

Ga abin da ya fi jan hankalina. A 1853 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya biyo ta nan zai tafi Tambutu. Daga Gwandu ya fito, inda ya sami littafin Tarikh al-Sudan ya yi kwanaki yana kwafa. Da ya iso, sai ya tarar tsohon birnin Kabawa ya zama kufai tun bayan da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci shi a 1805. Ya rubuta yadda kufan yake bisa tudu, ga faffaɗar fadama a ƙasa.

Wallahi sai ka tsaya a sama za ka gane Kabawa sun san abin da suka yi. Ruwa da kifi a ƙasa. A sama kuwa, tun daga nesa ake hango mahayi.

Lokaci ya ƙure mana, duwatsun Zuru da ganuwar Kanta ta Surame sai wani makon. A tafi da ruwa isasshe da malafa, kada a tafi mutum ɗaya. Akwai barikin soja a yankin, a tambayi mutanen wurin hanyar da ake bi. A sauko kafin hantsi ya dubi ludayi.

Malaman makaranta, don Allah ku kai ɗalibanku su ga garinsu daga sama.