Bankin ciyawa

Bankin ciyawa fili ne da ake killacewa a shuka tsiro mai yawan furotin, a tanade shi domin shanu su ci a lokacin rani. An fi yin sa saboda shanun tatsa da masu ciki, domin su ne ƙarancin abinci ya fi bugawa.

Dalilin kafa shi

Ciyayin ƙasashe masu zafi, irin su gamba da kyasuwa, suna saurin girma da damina, amma da zarar sun kosa sai kara ya yi yawa, furotin ya ragu. A tumbin saniya akwai ƙwayoyin halitta da ke narkar da ciyawa, kuma naitirojin da ke cikin furotin suke buƙata don yin wannan aiki. Idan furotin ɗin abinci ya gaza kashi 7 cikin 100, narkewar tana yin jinkiri, saniya ta kasa cin isasshe ko da ciyawa na gabanta. Daga nan sai ta rame, nono ya ragu, maraƙi ya raunana, ta kuma jima ba ta ɗauki wani cikin ba.

Tarihi

Cibiyar binciken dabbobi ta ILCA, wadda a lokacin hedikwatarta take Addis Ababa, ita ce ta bunƙasa wannan dabara a shekarun 1980 ta ofishinta na Kaduna. Ta yi aiki da Fulani mazauna yankunan Kurmin Biri da Abet a kudancin jihar, masu kiwon shanun Bunaji. Tsiron da aka fi shukawa shi ne Stylosanthes hamata, wanda ake kira sitailo, ɗan dangin wake da gyaɗa, mai asali daga nahiyar Amurka.

Yadda ake yi

Ana kewaye fili mai kimanin hekta 4 kusa da ruga. Ana kwanar da shanu a ciki domin su tattake ƙasa su bar taki. A farkon damina ake watsa iri, bayan an jiƙa shi a ruwan zafi don ɓawonsa ya yi laushi, sannan a zuba takin sufa. Saboda ciyawa ta fi sitailo saurin tashi, akan saki shanu su cinye ta na ɗan lokaci kafin a rufe filin. Idan rani ya shiga, sai a riƙa shigar da zaɓaɓɓun shanu na awa 2 zuwa 3 a rana, sauran yinin su yi kiwo a daji.

Amfani ga ƙasa

Saiwar sitailo tana ɗauke da bakteriya masu jawo naitirojin daga iska. Haka kuma mafi yawan naitirojin da saniya ta ci yana komawa ƙasa ta kashi da fitsari. Shi ya sa masarar da aka shuka a tsohon bankin ciyawa takan yi kyau da ɗan takin zamani.

Matsaloli

Wayar shinge tana da tsada, gara tana cin turaku, gobarar daji kuma tana iya cinye tanadin shekara a rana ɗaya. Makiyayin da ke zaune a filin aro ba ya son kashe kuɗi a ƙasar da za a iya karɓewa. Wasu kuma sukan saki garken duka a ciki, sai sitailon ya ƙare tun kafin bazara, lokacin da aka fi buƙatarsa.