Cinikin Kayan Gyaran Babur Ta Intanet: Ƙofofin Da 'Yan Damfara Ke Bi

Cinikin kayan gyaran babur ya daɗe da shiga shafukan tallace-tallace na intanet a Nijeriya, kuma 'yan damfara sun bi sawunsa har can. Mai shago a Agege ko Kaduna yakan ga tallar fistan, kafireta ko bulok a wayarsa, ya daidaita farashi da mutumin da bai taɓa gani ba, ya tura kuɗi, sannan ya zauna jiran kaya. Sau da yawa kayan sukan iso lafiya. Amma a ranar da ba su iso ba, ko suka iso ba irin waɗanda aka gani a hoto ba, jarin da ƙaramin ɗan kasuwa ya yi watanni yana tarawa shi ne ke salwanta.

Yanayin harkar ne ya sa ta yi wa mazambata daɗi. Yawancin baburan da ke kan titunan ƙasar nan daga Indiya da Sin suka fito, irin su Bajaj da TVS da Jincheng da Haojue, haka ma akasarin kayan gyaransu. Babbar cibiyar rarraba waɗannan kaya ita ce kasuwar Nkwo da ke Nnewi a Jihar Anambara, inda manyan masu shigo da kaya suke da ɗakunan ajiya, daga nan kuma kayan ke watsuwa zuwa Legas da Ibadan da Abuja da biranen Arewa. Ke nan tsakanin mai saye da mai sayarwa akwai ɗaruruwan kilomita. Daɗin daɗawa, kayan ba su da girma: kwali guda zai ɗauki kayan kuɗi masu yawa, a miƙa wa direba a tasha. Ciniki ne da aka saba yinsa daga nesa tun kafin zuwan intanet, saboda haka babu wanda ke mamaki idan aka ce masa ya turo kuɗi a aiko masa da kaya.

Abin da ya canza shi ne wanda ke tsayawa a tsakani. A tsarin fatauci na dā, kamar yadda aka san shi a cinikin goro da shanu a zangon Sabo na Ibadan, baƙon ɗan kasuwa yakan sauka ne a wurin mai gida, mai gida ya haɗa shi da dillali, kuma idan aka ba da kaya bashi, mai gidan ne ke lamuni. La'adar da ake biya kuɗin wannan tsayawar ce. Mutumin da ya ci amana ya san ba zai sake samun masauki a zangon ba. Shafukan talla irin su Jiji, wanda ya fara aiki a Legas a 2014 ya kuma karɓe harkokin OLX na Nijeriya a 2019, da sashen saye da sayarwa na Facebook, da zaurukan WhatsApp, aikinsu ya tsaya ne ga haɗa mutum biyu. Ba su riƙe kuɗin mai saye, ba su ganin kayan mai sayarwa, ba su kuma lamunce wa kowa. Allon sanarwa ne. Shi kansa Jiji yana gargaɗin masu amfani da shi da kada su biya kuɗi kafin su ga kaya. Ɗan kasuwar da ke murnar ya tsira daga biyan la'ada ya kamata ya sani cewa ya tsira ne tare da rasa mai tsaya masa.

Tarkon farko kusan kullum farashi ne. Tun da kayan daga waje ake sayo su da kuɗin ƙasashen waje, farashinsu yana bin canjin dala ne sau da ƙafa. A watan Mayun 2023 ana canza dala a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma; bayan da aka saki darajar Naira a watan Yunin wannan shekara, sai ga ta ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Kayan gyara sun yi tashin gwauron zabi, kuma neman araha ya tsananta a tsakanin kanikawa da 'yan acaɓa, waɗanda cire tallafin man fetur ya riga ya matse. A irin wannan hali ne tallar da ta zo da rabin farashi ke jan ido. Sai dai lissafi bai yarda da ita ba. Kowane mai shigo da kaya yana biyan kuɗin masana'anta da na jirgi da na kwastan da na mota, kuma a kasuwar da masu sayar da kaya iri ɗaya suke da yawa kamar Nnewi, gasa takan danne riba ta zama siririya. Rangwamen kashi 5 ko 10 cikin 100 abu ne mai yiwuwa ga wanda ke son ya juya kuɗinsa da sauri. Amma wanda ya ce zai sayar da sabon kiranshaf a ƙasa da abin da babban dila ya saye shi, to ɗayan uku ne: ko kayan jabu ne, ko na sata ne, ko kuwa babu su sam.

Idan babu kayan, wasan yakan tafi mataki-mataki. Da farko za a nemi kafin alƙalami kaɗan, a ce don a ajiye wa mai saye kayan saboda wasu na nema. Bayan ya biya, sai a turo masa hoton kwali an ɗaure an rubuta sunansa, tare da hoton takardar aike, a nemi kuɗin mota. Washegari sai wani ya kira da sunan direba, ya ce jami'ai sun tare mota a hanya, sai an ba su wani abu. Kowane biya ƙarami ne idan aka kwatanta da wanda ya gabata a haɗe, kuma abin da ke sa mutum ya ci gaba da turawa shi ne tsoron kada na bayan ya tafi a banza. Mazambacin ya san haka sarai. Kuɗin da aka riga aka tura ba ya dawowa don an ƙara wani a kansa, saboda haka buƙatar biya na biyu da ba a yi maganarsa tun farko ba ita ce alamar a tsaya.

Akwai wani salon da ya fi wannan wayo, domin a cikinsa kayan na gaske ne, shagon ma na gaske ne. Ɗan damfara yakan kwafi hotunan wani dila na ƙwarai ya sake tallata su da lambar wayarsa a farashi mai rahusa. Idan mai saye ya kira, sai ya ce masa ya je shago kaza ya duba kaya, yaronsa na nan. A lokaci guda kuma ya kira mai shagon ya ce shi dila ne, zai turo abokin cinikinsa ya duba kaya, amma kada a yi maganar farashi da shi domin akwai ribarsa a ciki. Mai saye ya je, ya ga kaya da idonsa, hankalinsa ya kwanta, ya tura kuɗi zuwa asusun da aka ba shi ta waya. Da ya ɗauki kwali sai mai shago ya ce ba a biya shi ba. Dukansu biyu gaskiya suke faɗa, wanda ya haɗa su kuwa ya kashe waya. A nan ganin kaya bai isa ba. Tambaya ɗaya ce za ta rusa shirin, wato mai saye ya tambayi wanda ke riƙe da kayan, baki da baki, nawa ne kuɗinsu kuma a wane asusu za a biya.

Masu sayarwa ma ba su tsira ba, kuma babban makamin da ake yi musu amfani da shi shi ne saƙon shigar kuɗi na bogi, wanda ake kira alat. Saƙon waya rubutu ne kawai, ana iya ƙirƙirarsa da sunan kowane banki, haka nan hoton rasit. Tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda aka fara a 2011, yakan kai kuɗi cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, kuma shaidar shigarsu ita ce jimlar da ke cikin asusun mai kaya idan ya duba da kansa. Gaskiya ne akan sami jinkiri na haƙiƙa, kamar yadda aka sha fama a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira. Wannan jinkirin ne mazambata ke fakewa da shi: su turo mai babur ko direba da yamma lokacin rufe shago, su yi ta kira suna cewa mota za ta tashi, matsalar na'ura ce, kuɗi na hanya. Idan jinkirin na gaske ne, mai saye na ƙwarai zai iya jira zuwa safiya.

Wani kuma yakan ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin kaya, a mayar masa da ragowar. Idan alat ɗin na bogi ne, an yi asarar kaya da ragowar. Idan kuɗin sun shiga da gaske amma daga asusun wani da aka yi wa sata suka fito, to mai kaya na iya wayar gari ya tarar banki ya rufe masa asusu har sai an gama bincike. Hanyar da ta fi aminci ita ce a bar banki ya mayar da kuɗin inda suka fito, kada a tura su wani asusu dabam. Haka zalika duk wanda ya nemi a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya, wai don ya tabbatar da mai talla, WhatsApp ɗin ɗan kasuwar yake son ƙwacewa, ya koma yana karɓar kuɗi daga abokan cinikinsa da sunansa.

Batun kayan hannu yana da nasa hatsarin. Hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, da a Kano a 2013, da kuma a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yunin 2022, ya sa mutane da dama sun sayar da baburansu, wasu aka farfasa aka sayar ɗaiɗai. Wannan halal ne. Amma ta wannan ƙofar ce baburan ƙwace ke ɓacewa, domin babur ɗin da aka warwatsa yana da wuyar ganewa. Inji yana da lamba, gangar jikin babur ma haka, kuma wanda zai sayi ɗayansu ya kamata ya ga takardar sayen babur ɗin ya gwada lambobin. Inda aka kankare lamba, babu sauran magana. Karɓar kayan sata laifi ne a ƙarƙashin sashe na 427 na dokar manyan laifuffuka da ake aiki da ita a Kudu, haka kuma a dokar final kot ta Arewa, kuma araha mai yawa na daga cikin abubuwan da mai gabatar da ƙara kan kafa hujja da su cewa mai saye ya san abin da ya saya.

Maganin cinikin biri a sama shi ne a dawo da mai tsayawa a tsakani, ko da za a biya shi. Ɗan kasuwar da ke sayayya daga Nnewi ko Legas yana bukatar wakili a can, ɗan'uwa ko abokin sana'a ko direban da aka sani, wanda zai taka zuwa shagon, ya buɗe kwali, ya gwada lambar kayan da samfurin babur ɗin, sannan a biya yana tsaye. A ce kayan na Naira 400,000 ne, wakilin ya karɓi Naira 8,000. Kashi 2 ne cikin 100, kuma ya fi sauƙi a sa shi cikin farashi bisa a yi ta sayar da fulogi da kebul na watanni don cike giɓin jarin da ya tafi. Inda babu wakili, akwai ƙananan gwaje-gwaje masu amfani. Kiran bidiyo a cikin shago, mai kaya yana ɗaga abin da aka nema a lokacin, ya fi hotuna goma. Kafin kuɗi su fita, manhajar banki takan nuna sunan mai asusu; idan talla ta ce kamfani ne amma sunan wani mutum dabam ya fito, a tambayi dalili, domin mazambata kan ba da asusun mai POS su je su karɓi tsaba su wuce. Ana iya duba sunan kamfani kyauta a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, ko da yake rajista shaida ce ta cewa kamfanin yana nan, ba ta cewa mai magana a waya shi ne mai shi ba. Manyan kasuwanni kuma suna da ƙungiyoyi da lambobin layi da na shago, waɗanda dila na gaske ba ya jin nauyin faɗa. Sayayyar farko da sabon dila ta zama ƙarama.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, sa'o'in farko su ne masu muhimmanci. Tun 2015 Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna su buɗe teburin karɓar ƙorafin zamba mai aiki dare da rana, kuma bankin wanda aka cuta na iya tuntuɓar bankin da kuɗin suka shiga don a dakatar da asusun. Wannan yana aiki ne kawai idan kuɗin suna ciki, alhali mazambaci ba ya barinsu su kwana. Saboda haka a fara da banki, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, tare da hoton tallar, lambar waya, hirar da aka yi da rasit na biya, kafin mai tallar ya goge su. A kuma sanar da shafin da tallar ta fito don a sauke ta. Lambar BVN da aka fara a 2014, da haɗa layukan waya da lambar NIN da aka soma a watan Disambar 2020, sun sauƙaƙa bin sawu, kuma dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Sai dai shari'a takan ɗauki lokaci, kuma sau da yawa asusun da aka bi yakan ƙare ne a kan wani da ya ba da aron sunansa don 'yan kuɗi kaɗan, shi kuwa babban mai laifin ya buɗe sabuwar talla da sabon layi.