Takardar Magani Amana Ce: Jan Hankali Ga Magidanta A Kankiya Da Kusada

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Babban Asibitin Kankiya, ko ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin Kusada, ya san ganin likita somin-taɓi ne. Babban aikin yana kantin magani, inda magidanci zai miƙa takarda, a yi masa lissafi, ya laluba aljihu, sannan ya ce a ba shi na kwana biyu tukuna.

Tsadar tana da dalili. Yawancin magungunanmu, da sinadaran haɗa su, daga Indiya da Sin ake shigo da su. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sai farashi ya tashi. A watan Agustan shekarar kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa a Najeriya, kuɗin Augmentin da abin shaƙar masu asma na Ventolin ya ninninka. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin ɗage haraji a kan kayan haɗa magani.

Sai dai wani ɓangare na nauyin mu muke ɗora wa kanmu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, in aka yi jimilla, kada abin da ake rubuta wa mutum ɗaya ya wuce magani biyu, kuma masu karɓar maganin kashe ƙwayoyin cuta kada su kai 30 cikin 100. Amma da yawanmu in aka rubuta mana magani ɗaya sai mu ga an raina ciwonmu. Sai an haɗa da allura da ƙarin ruwa hankali yake kwanciya. Ma'aikacin da ke gudun a ce bai iya aiki ba sai ya cika takarda. Alhali ba kowane zazzaɓin damina ne na cizon sauro ba, ɗigon jini a gwaji shi ke rarrabewa, kuma mura ba ta jin maganin kashe ƙwayoyin cuta.

A nan maganar amana take shigowa, domin lafiya da dukiya duka ababen tambaya ne gobe Ƙiyama. Amanar mai rubutawa ita ce ya rubuta abin da ciwo ke bukata, da asalin sunan maganin, ba sunan kamfani ba, domin mai ƙaramin ƙarfi ya samu mai sauƙin kuɗi. Wannan darasi ne ga ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya tun kafin su fara riƙe biro. Amanar mai kemis ita ce kada ya cusa mai tsada don riba, ko ya sayar da marar lambar NAFDAC. Amanar magidanci kuwa ya tambaya: wanne ne dole, akwai madadinsa mai araha? In ya fara, ya kammala yadda aka tsara, domin yanke magani a tsakiya yakan dawo da ciwo, a sake biya.

Masu hawan jini da ciwon sukari, waɗanda sayen magani ya zame musu na kowane wata, su nemi bayanin rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KTSCHMA. Masu hali kuma su tuna da talakawan cikinsu lokacin fitar da zakka da sadaka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.