Wajir: Gundumar Makiyaya a Arewa Maso Gabashin Kenya

Wajir ɗaya ce daga cikin gundumomi 47 da kundin tsarin mulkin Kenya na shekarar 2010 ya kasa ƙasar a kansu, kuma ita ce ta uku a faɗi bayan Marsabit da Turkana, domin girmanta ya kai kimanin murabba'in kilomita 56,000. Abin da ake nufi da gunduma a tsarin Kenya shi ne yanki mai gwamnansa da majalisar dokokinsa da kasafin kuɗinsa, wanda babu wata hukuma tsakaninsa da gwamnatin ƙasa da ke Nairobi. Ta yi iyaka da Habasha daga arewa da Somaliya daga gabas, a cikin gida kuma tana maƙwabtaka da gundumomin Mandera da Marsabit da Isiyolo da Garissa. Mafi yawan mazaunanta Somalawa ne Musulmi masu kiwon raƙuma da awaki da tumaki da shanu, kuma kusan duk wata matsala ta mulkinta ta samo asali ne daga abu guda: an shata mata iyakoki da mazaɓu da ofisoshi da ba sa motsi, alhali rayuwar jama'arta ta dogara ga tashi daga wuri zuwa wuri.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, mai jan rairayi da ƙayoyi da gajerun itatuwan ƙaro, ba ta da tuddai sai can arewa wajen Bute da Gurar, inda ta fara hawa zuwa tsaunukan Habasha. Ruwan da ke sauka a mafi yawan sassanta bai kan kai milimita 300 a shekara ba, kuma zafin rana kan kwashe abin da ya fi haka. Shekarar Somalawa ta kasu kashi huɗu, damuna biyu da rani biyu. Akwai Gu, babbar damuna, daga Maris zuwa Mayu. Sai Hagaa, ranin iska da ke biye da ita har zuwa Satumba. Sai Deyr, ƙaramar damuna, daga Oktoba zuwa Disamba. Sannan Jilaal, ranin da ya fi tsanani, daga Janairu zuwa faɗuwar ruwan Gu. Ƙarancin ruwan ba shi ne babbar wahalar ba, rashin tabbas ɗinsa ne, saboda hadari kan zubar da ruwa a wani kwari ya tsallake na kusa da shi, ta yadda ciyawa za ta fito a nan bana, baɗi kuma ta fito a wani wuri mai nisan kwanaki. Makiyayin da ya tsaya wuri ɗaya a irin wannan ƙasa ya sayar da garkensa ga yunwa, don haka yawon da ake gani kamar rashin tsari shi ne ainihin dabarar da ta rayar da mutanen tun ƙarnuka.

Babu kogi ko ɗaya a gundumar da ke gudana duk shekara. Kogin Ewaso Ngiro, wanda ya taso daga tsaunukan tsakiyar Kenya, kan iso kudancinta ne a gajiye, ya baje cikin fadamar Loriyan kusa da garin Habaswein, kuma noman rani da ake yi a samansa ya rage abin da ke isowa. Sauran hanyoyin ruwa busassun ƙoramu ne da ke cika na 'yan kwanaki bayan ruwan sama. Abin da ya kafa garin Wajir, hedikwatar gundumar, shi ne wani shimfiɗaɗɗen farin dutse da ke ƙarƙashinsa, wanda ke riƙe ruwa kusa da doron ƙasa, har ana iya cim masa da rijiyar hannu. Rijiyoyin Orahey da ire-irensu sun daɗe suna tara garkunan raƙuma da fatake tun kafin zuwan Turawa, kuma saboda su ne Ingilishi suka kafa sansani a wurin a 1912. Sai dai wannan ni'ima ta zo da nata nauyin, domin kusancin ruwan ya sa haƙa masai na ƙasa ya zama haɗari ga rijiyoyin sha, shi ya sa garin ya daɗe yana amfani da masai na bokiti da ake kwashewa da dare, tsarin da ya gada daga zamanin mulkin mallaka kuma ya sha jawo ɓarkewar kwalara. A wajen gari kuwa jama'a sun dogara ga rijiyoyin burtsatse masu zurfi da tafkunan da aka haƙa don tare ruwan damuna, idan waɗannan suka ƙafe sai motocin tanki.

Raƙumi shi ne ginshiƙin dukiya a nan, saboda yana jure ƙishirwa na kwanaki da yawa, yana cin ganyen ƙaya da saniya ba ta iya kaiwa gare shi, kuma raƙuma tana ba da nono a tsakiyar rani lokacin da shanu suka daina. Awaki da tumaki su ne kuɗin cefane, waɗanda ake sayarwa don sukari da shinkafa da kuɗin makaranta. Iyali kan raba garkensa gida biyu, samari su yi nisa da raƙuma, mata da yara da tsofaffi su zauna kusa da ruwa da ƙananan dabbobi da 'yan raƙuman tatsa. Wannan tsari ya sha gwaji mai tsanani a 'yan shekarun nan: farin ɗango sun shigo Kenya ta wannan yanki a ƙarshen 2019, daga 2020 zuwa farkon 2023 damuna biyar a jere suka gaza a yankin Ƙahon Afirka, dabbobi suka yi ta mutuwa, sannan a ƙarshen 2023 ambaliya ta yanke hanyoyi ta raba garuruwa da kasuwanninsu. Irin wannan ambaliya a 1997 da 1998 ta zo da zazzaɓin Kwarin Rift, cutar da sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi da mutane. Daga cikin abubuwan da aka gwada don rage asara akwai inshorar dabbobi bisa tsarin takaful na Musulunci, wadda aka fara a Wajir a 2013, inda ake biyan makiyayi idan hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna ciyawar yankinsa ta ƙare, ba sai an je an ƙirga mushe ba.

Ƙidayar 2019 ta ba gundumar mutum 781,263, wato kimanin mutum 14 a kowace murabba'in kilomita, yayin da ta 2009 ta nuna 661,941. Waɗannan alƙaluma ba su taɓa samun karɓuwa baki ɗaya ba. Bayan ƙidayar 2009 gwamnati ta nemi soke sakamakon wasu yankunan arewa bisa zargin an kumbura su, bayan ta 2019 kuma shugabannin yankin ne suka garzaya kotu suna cewa an tauye su, har babbar kotu a Garissa ta soke sakamakon wasu sassan Wajir da Mandera da Garissa a Janairun 2025. Ƙirga mutanen da ke bin ciyawa, waɗanda wani lokaci suna ƙetare iyaka zuwa Habasha ko Somaliya a daren ƙidaya, aiki ne mai wuya ko da an yi shi da gaskiya, kuma da yake yawan jama'a na cikin ma'aunin rabon kuɗin ƙasa da na shata mazaɓu, kowane ɓangare yana da dalilin zargin ɗayan. A cikin gida, jama'ar ta kasu zuwa manyan dangogi uku na Somalawa: Degodiya, waɗanda suka fi yawa a tsakiya da gabas da yamma, Ajuran a arewa, Ogaden kuma a kudu. Dangi a nan ya wuce zumunci kawai, domin shi ne ke ba mutum haƙƙin sha a rijiya, shi ke haɗa diyya idan an zubar da jini, shi ke tara wa wanda fari ya cinye wa garke abin da zai sake farawa da shi.

Ba za a fahimci yadda mutanen Wajir ke kallon hukuma ba sai an waiwayi tarihi. Ingilishi sun mulki yankin a matsayin lardin iyaka na arewa, rufaffe, wanda ba a shiga ko fita sai da takardar izini, suka kuma keɓe wa kowane dangi makiyayarsa da rijiyoyinsa don sauƙin sarrafa shi. A 1962 wani kwamiti ya tabbatar cewa mafi yawan Somalawan lardin suna son haɗewa da Somaliya, amma aka bar su cikin Kenya, abin da ya haifar da yaƙin da gwamnati ta laƙaba wa sunan Shifta, wato na 'yan fashin daji, daga 1963 zuwa 1967. Dokar ta-ɓaci ta ci gaba da aiki a yankin har farkon shekarun 1990. A wannan tsakani manufar tattalin arziki da aka zana a 1965 ta fifita zuba jari a yankunan da ke da ruwa da noma, bisa hujjar cewa can ne riba za ta fi fitowa, sai arewa ta zauna babu kwalta babu asibitin kirki. Mafi munin abin da ya faru shi ne kisan Wagalla na Fabrairun 1984, lokacin da jami'an tsaro suka tattara mazan Degodiya a wani filin jirgin sama kusa da garin Wajir, suka tsare su kwanaki a cikin rana babu ruwa babu abinci, suka harbe da yawa. Gwamnati ta ce mutum 57 ne suka mutu, waɗanda suka tsira suna cewa dubbai ne, kuma hukumar gaskiya da sasantawa da ta miƙa rahotonta a 2013 ta tabbatar cewa adadin ya zarce na gwamnati nesa ba kusa ba.

Saboda haka ne tsarin raba iko da ya fara aiki a 2013 ya zo wa yankin da ma'ana ta daban. Kundin tsarin mulki ya wajabta a ba gundumomi aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, ya kuma ware rabin kashi ɗaya cikin ɗari a wani asusu na musamman don cike giɓin yankunan da aka bari a baya, ko da yake fitar da kuɗin wannan asusu ya sha jinkiri. An kasa Wajir zuwa mazaɓu shida na majalisar ƙasa, wato Wajir ta Arewa da ta Gabas da ta Yamma da ta Kudu da Tarbaj da Eldas, waɗannan kuma aka kasa su zuwa ƙananan mazaɓu 30, kowace tana aika wakili ɗaya majalisar gunduma, sannan a ƙara da wakilan da jam'iyyu ke naɗawa don mata da matasa da naƙasassu. Kiwon lafiya da aikin dabbobi da ruwan sha da hanyoyin cikin gida da kasuwanni da makarantun share fage suna hannun gwamna. A cikin shekarun farko na wannan tsari ne garin Wajir ya ga kwaltarsa ta fari, shekara hamsin bayan samun 'yancin kai, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna zurfin ramin da ake ƙoƙarin cikewa.

Kuɗin ya kuma sauya yanayin gasar dangogi. Kujerar gwamna ta zama abin da dattawan dangi ke zama su yi ciniki a kansa tun kafin ranar zaɓe, su raba gwamna da mataimaki da sanata da wakiliyar mata tsakanin manyan gidaje, tsarin da 'yan Kenya ke kira dimokuraɗiyyar sulhu. Yana rage zubar da jini, amma yana danne ƙananan dangogi da mata da duk wanda dattawa ba su sa wa albarka ba. Ahmed Abdullahi ne gwamna na farko daga 2013 zuwa 2017, sai Mohamed Abdi Mohamud ya kayar da shi, wa'adin Mohamud kuma ya ƙare a zirga-zirgar kotu: an ƙalubalanci takardar digirinsa har kotun ƙoli, an tsige shi a 2021, kotu ta mayar da shi a farkon 2022, kafin Ahmed Abdullahi ya dawo a zaɓen wannan shekarar. Wata illar wannan gasa da ba a cika magana a kanta ba ita ce yawaitar sababbin ƙauyuka. Kowane reshen dangi ya gane cewa matsuguni na dindindin yana jawo rijiyar burtsatse da makaranta da muƙamin dagaci da rumfar zaɓe, sai aka yi ta kafa su a tsakiyar makiyayar da a da ake ajiyewa don tsananin rani. Rijiyar da aka haƙa domin ceton dabbobi takan tara su wuri ɗaya duk shekara har ciyawar kewayenta ta ƙare, iyakar ƙaramar mazaɓa kuma takan rikiɗe ta zama iyakar dangi da ake hana baƙon garke ƙetarewa. Dokar filayen al'umma ta 2016 ta ba jama'a damar yin rajistar makiyayarsu a matsayin mallakar haɗin gwiwa, sai dai rajista tana bukatar a ja layi, kuma jan layi shi ne abin da kiwon raƙumi ya fi ƙi.

Gundumar tana da nata gadon sulhu. A farkon shekarun 1990, lokacin da faɗan dangogi ya kai har mata ba sa iya haɗuwa a kasuwa, wasu matan garin Wajir, cikinsu har da Dekha Ibrahim Abdi, suka fara shiga tsakani, suka jawo dattawa da malamai da 'yan kasuwa da jami'an gwamnati, abin da ya zama kwamitin zaman lafiya da ci gaban Wajir a 1995, wanda daga baya aka kwaikwaya a wasu yankunan makiyaya na Kenya. Dattawa har yanzu suna warware rigingimu ta hanyar maslaha, wato sasantawa da biyan diyya, ko da yake ana sukar amfani da ita a laifukan fyaɗe, inda takan rufe bakin wadda aka zalunta.

Tsaro da makarantun firamare da sakandare da katin shaidar ɗan ƙasa suna hannun gwamnatin Nairobi, wadda ke da kwamishinanta da dagatanta a gefen na gwamna. Wannan rabo yana bayyana a duk lokacin da mayaƙan al-Shabaab suka ƙetaro daga Somaliya: bayan kashe malamai a makarantar Qarsa a 2018, hukumar malamai ta ƙasa ta janye waɗanda ba 'yan yankin ba, azuzuwa suka zauna babu kowa, gwamnatin gunduma kuma ba ta da hurumin ɗaukar madadinsu. Shekaru da yawa matashin Wajir ba ya samun katin shaida sai ya gurfana gaban kwamitin tantancewa ya kawo takardun iyaye da kakanni, sharaɗin da ba a ɗora wa mafi yawan 'yan Kenya ba, kuma wanda ba shi da kati ba ya zaɓe, ba ya buɗe asusun banki, ba ya wuce shingen 'yan sanda a hanyar Nairobi cikin kwanciyar hankali. A Fabrairun 2025 Shugaba William Ruto ya sanya hannu kan umarnin soke wannan tantancewa a wani taro da aka yi a garin Wajir.