Ko ana share tarihin laifin yaro a Kano?

A ranar 1 ga watan Nuwamban 2024 ne aka gurfanar da wasu ƙananan yara, da dama daga cikinsu 'yan jihar Kano, a gaban babbar kotun tarayya da ke Abuja, bisa zargin cin amanar ƙasa a lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta.

Wasunsu sun yanke jiki sun faɗi a gaban kyamarori. Kwanaki kaɗan bayan haka Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su, kotu kuma ta kori ƙarar.

To amma hotunansu da sunayensu sun riga sun bazu a intanet.

Wannan dai ya saɓa wa manufar dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003. Sashe na 205 ya haramta buga duk wani bayani da zai sa a gane yaron da ake tuhuma. Ya kuma tanadi cewa a riƙe takardun shari'arsa a asirce, kada a yi amfani da su a kansa idan ya sake shiga hannu bayan ya girma.

Sai dai dokar ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta amince da ita, kuma sai a watan Mayun 2023 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sanya hannu a kan ta jihar Kano.

Ko da haka, ɓoyewa daban, sharewa daban. Kuma yaron da aka kama a Rijiyar Lemo ko Sabon Gari aka kai gidan horon yara na Goron Dutse, mutanen unguwa kan ji labarinsa tun kafin alƙali ya zauna.

Ga manya kuwa, Najeriya ba ta da doka irin ta Birtaniya ta 1974, wadda ke ɗaukar wasu hukunce-hukunce tamkar sun shuɗe bayan wasu shekaru.

Babbar hanya ita ce afuwa: ta shugaban ƙasa a sashe na 175 na tsarin mulki, ta gwamna a sashe na 212.

Ta haka ne Salisu Buhari, ɗan Kano, wanda ya sauka daga shugabancin majalisar wakilai a 1999 kan takardun jabu, ya samu afuwar Shugaba Obasanjo a shekara ta 2000.

Ba kowane mai laifi ne dai sunansa kan kai teburin gwamna ba.