Wa Ya Ci Riba Lokacin da Kasuwa Ta Rushe?

Daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris na 2020, annobar korona ta zabge kusan kashi 34 cikin 100 na darajar manyan kamfanonin Amurka da ke ma'aunin S&P 500. Ana cikin wannan kuka sai kamfanin Universa na Mark Spitznagel, da ke Miami, ya shaida wa masu hulɗa da shi cewa a watan Maris kaɗai ya ci ribar da ta haura kashi 3,600 cikin 100. Ina ya samo ta, alhali komai faɗuwa yake?

Ba duba ya yi ba. Shekara da shekaru ya yi yana sayen wata yarjejeniya da ake kira put: ka biya kuɗi kaɗan, ka sami damar sayar da hannun jari a kan farashin da aka yanke, kafin wata rana da aka tsayar. In ka ga dama ka sayar, in ba ka so ka bari.

A ce hannun jari yana dala 100. Ka sayi damar sayar da shi a dala 80 nan da wata biyu, a kan dala 1. A Amurka kowace yarjejeniya hannun jari 100 take ɗauka, ke nan dala 100 ka kashe. Kwatsam farashi ya sauko dala 60. Yanzu kana iya saye a 60 ka miƙa a 80. Takardar dala 100 ta koma ta dala 2,000. Ko kasuwa ba ta kai nan ba, tsoro kaɗai kan ɗaga farashin takardar, don kowa nemanta yake.

Wa ke biya? Wanda ya sayar maka da damar. Ya karɓi dalarka tun farko, don haka dole ya saya a 80 ko yana so ko ba ya so.

To me ya hana kowa yin haka? A mafi yawan watanni kasuwa ba ta rushewa. Wa'adi ya cika, farashi na sama da 80, takarda ta mutu, kuɗinka ya tafi, kamar inshorar motar da ba ta yi haɗari ba. Sai ka sake saye, ka sake asara. Mai ƙaramin jari yakan gaji, ko aljihu ya ƙare, tun kafin ranar ta zo.

Saura alƙaluman nan masu ruɗa ido. An lissafa kashi 3,600 ɗin ne a kan ɗan kuɗin da aka ware wa wannan kariya, wajen kashi 3 cikin 100 na dukiyar mai jari. Ragowar tana cikin hannun jari, ta kuma sha kashi kamar ta kowa. Da aka haɗa lissafin watan, ribar takardun ta toshe asarar ne, mai jari ya tashi kusan yadda ya shiga.